Gurnani a Ƙarƙashin Waƙa

Ranar Talata da hantsi, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, Uzodinma ya iso Samaru a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Kai tsaye ya nufi ɗakin gwaje-gwajen da Rhoda take aiki a sashen injiniyan lantarki na jami'a, ya ajiye mata faifan CD guda uku a kan tebur, ya ja kujera ya zauna tun ba a ce masa bismillah ba.

"Injiniya, so ake a ɓata mini suna a garin nan," in ji shi.

Uzodinma Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa babu gargada. Shagonsa na kayan sauti yana bayan kasuwa, kuma shi da kansa yake yanka katako ya haɗa akwatunan lasifika. An san shi da kunne. In ya saurari lasifika na minti ɗaya, zai gaya maka wace kusa ce ta saki a ciki. Shi aka ba aikin kayan sautin wani sabon coci a Unguwar Gabas, cocin da mahaifiyar Rhoda take zuwa sujada.

Ita kuwa Rhoda a shekarar, wato dubu biyu da shida, tana ƙarasa digirinta na biyu. Aikinta shi ne raba sauti da hayaniya: a kawo mata muryar da ƙarar janareta ta binne, ta zauna da kwamfuta ta tsame ta fes. Wani kamfani a Legas mai gina ɗakunan ɗaukar waƙa ya riga ya aiko mata takardar gayyata zuwa ganawa. A gida dai ba a fahimci abin da take karantawa ba. In aka tambayi Mama, sai ta ce 'yarta injiniyar kunne ce.

"Wa zai ɓata maka suna, Oga Uzo?"

"'Yan kwamitin gini. Lahadi uku ke nan ina ɗaukar sujada, saboda mawaƙa suna son su fitar da faifai ranar bikin keɓe ginin ga Allah. Duk wanda na ɗauka, akwai wani gurnani a ƙarƙashin waƙar. Baba Gregory ya ce a gaban jama'a wai kayan bola na kawo musu. Ni! Na canza waya, na canza amfilifaya, na matsar da janareta har bayan katanga. Abin yana nan. Ki cire mini shi, sannan ki gaya mini daga ina yake fitowa."

"Yaushe ne keɓe ginin?"

"Lahadin nan."

Da ya tafi, ta sa hedifon a kunne ta kunna faifan farko. Muryoyin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocin, suka cika mata kai, har tana iya tsinto muryar Mama a cikinsu, ga kiɗan tukwane da caki. A ƙasa kuma, can ƙasa, akwai abin da Uzodinma yake faɗi.

Kowace hayaniya tana da lissafinta. Ta wutar lantarki tana bugawa sau hamsin a sakan ɗaya, wannan ko ɗalibin aji biyu ya sani. Rhoda ta cire ta. Ta nemo ta janareta, ta cire. Ta cire ta fankokin sama. Waƙar ta washe, amma gurnanin bai motsa ba. Ba shi da ƙarfi, sai dai in ka ji shi sau ɗaya ba za ka sake daina jinsa ba, kamar babbar mota da aka bari a kunne a layi na uku.

Uzodinma ya ɗauki sujadar ta hanya biyu: makirufon bagade, inda Fasto yake tsayawa, a kunnen dama, wanda ya ɗaure a jikin ƙarfen gaban benen da ke cikin cocin a kunnen hagu. Gurnanin a hagu kaɗai yake. Yana tashi in mata sun fara rawa a saman benen, yana lafawa in sun zauna. Ta duba lissafinsa a kwamfuta: sau tara a sakan.

Ta sa faifai na biyu. Takwas da rabi. Ta sa na uku. Takwas.

Ta cire hedifon ɗin ta ajiye, ta daɗe tana kallon allon. Lantarki ba ya sauka haka mako bayan mako. Janareta ma haka. Ta mayar da hedifon, ta koma ƙarshen faifai na uku, wurin da aka gama waƙa Fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a. Coci ya yi tsit. A cikin shirun nan, a kunnen hagu, ta ji ƙas. Bayan sakan huɗu, ƙas. Sai kuma biyu a jere, ƙanana, kamar ana karya tsinken tsintsiya a ɗaki na gaba.

Ranar Alhamis da rana ta karɓi aron na'urar auna girgiza daga wurin malaminta, Dakta Bamidele, ta sa hannu a littafi, ta hau bas zuwa Sabon Gari. Na'urar ba ta fi gwangwanin madara girma ba, amma ita kaɗai ce a sashen. Uzodinma yana jiran ta a ƙofar cocin.

Ginin ya yi kyau, ba a magana. Fenti fari, tagogi masu launi, ga benen ya miƙe daga wannan bango zuwa wancan a bayan ɗakin sujada, faɗinsa ya kai taku ashirin, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Duk inda mutum ya zauna a ƙasa yana hango bagade. Wata dattijuwa, Mama Clara, tana goge bencina a ƙarƙashinsa.

Rhoda ta hau tsani ta manne na'urar a jikin babban dogarin kankaren da ke kwance a gicciye ɗauke da gaban benen, ta jawo waya zuwa kwamfutarta.

"Oga Uzo, hau sama, ka tsaya a tsakiya. Ka yi ɗage, ka saki dunduniyarka da ƙarfi sau ɗaya."

Ya hau. Ya buga. Layin da ke kan allon ya yi tsalle, ya yi ta lilo, ya daɗe bai kwanta ba. Bakwai da rabi.

"Sake."

Ya sake. Wannan karon wani abu ya sauka a bayan hannunta. Ta duba: gari ne fari, ɗan kaɗan, mai tsakuwa-tsakuwa. Ta ɗaga kai. A tsakiyar dogarin akwai wurin da fentin ya fi na sauran haske, an shafe shi kwanan nan, kuma a cikin sabon fentin wani siririn layi ya sake fitowa, ya hau sama ya ɓace.

"'Yata, wannan garin kike kallo?" in ji Mama Clara. "Kowace Litinin sai na kwashe shi a bencinan nan uku. Na zaci gara ce. Na gaya wa mai fenti, ya zo ya shafe."

"Yana ƙaruwa, Mama?"

Ta yi ɗan tunani. "Da farko tsumma nake sawa. Litinin ɗin nan sai da na ɗauko fakar kwashe shara."

Uzodinma ya sauko yana murmushi. "To, kayana ne?"

"Kayanka lafiyarsu ƙalau," in ji Rhoda. "Makirufonka gaskiya ya ɗauka. Benen ne yake kuka."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci kafin ya gushe. Ya matsa baya daga ƙarƙashin dogarin, ya kamo hannun Mama Clara ya jawo ta.

Sun sami Baba Gregory a ɗan ofishin da ke gefen cocin, yana jera katunan gayyata. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, mai furfura, wanda ya shafe shekara shida yana shugabantar kwamitin gini. Kowa ya san bai taɓa cin ko ƙwandalar coci ba. Da rana da ruwa yana tsaye a kan magina. Rhoda ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe kwamfuta, ta yi bayani a hankali. Ya saurare ta har ƙarshe.

"Ke ce 'yar Mama Sati ta Hanwa?"

"Ni ce, Baba."

"Me kika karanta?"

"Lantarki, Baba. Ɓangaren sauti."

"Sauti." Ya gyaɗa kai. "Yarinya, babu buhun siminti ɗaya da aka fasa a nan ba a gabana ba. Rodin nan ni na je Kaduna na zaɓo shi. Yanzu saura kwana uku, baƙi na zuwa daga Wusasa, daga Kafanchan, daga Jos, ki zo mini da zane a talabijin ki ce gini na kuka?"

"Baba, a zanen farko babu ginshiƙi a tsakiya?"

Hannunsa ya tsaya a kan katunan. "Akwai biyu. Suna tare wa mutane bagade. Magini ya ce in aka ƙara rodi ba a bukatarsu, aka ƙara." Ya juya ga Uzodinma. "Kai kuma, an ce ka gyara kayanka, ka je ka ɗauko mai ɗora laifi a kan bango."

Fasto ya fi sauƙin kai, amma bai fi amfani ba. Ya ji tsoro, Rhoda ta gani a idonsa. Sai dai ya ce shi ba zai iya rufe bene ba tare da kwamiti ba, kwamiti kuma ba zai zauna ba sai bayan biki. Abin da ya yi alkawari shi ne zai gaya wa masu tsaron ƙofa kada su bar mutane su yi yawa a sama.

Ranar Juma'a ta kai wa Dakta Bamidele sakamakon. Ya cire tabarau, ya sake sawa, ya duba lambobin sau biyu.

"Tara zuwa bakwai da rabi a wata ɗaya," ya ce. "Rhoda, ni ba injiniyan gini ba ne, ke ma haka. Amma ni ba zan bar iyalina su zauna a ƙarƙashin wannan ba."

Ya kira abokinsa na sashen gine-gine a waya. Mutumin yana Abuja wurin taro, ba zai dawo ba sai Talata. Ya ce a hana kowa hawa, a kafa turaku a ƙasa kafin ya zo. Dakta ya rubuta hakan a takarda ya sa hannu. Rhoda ta kai wa Baba Gregory da kanta. Ya karanta, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba.

"Talata sai ya zo," ya ce. "Turaku a tsakiyar coci ranar keɓewa? A'a."

Asabar da yamma ta tarar da Mama a tsakar gida a Hanwa, tana guga zanen Zumunta. Mama ce shugabar mawaƙan mata, kuma benen nan tun yana kan takarda aka ce nasu ne. Mata tamanin za su hau gobe da tukwanensu.

"Mama, kar ki hau gobe."

"Na ji labari. Gregory ya aiko mini wai in ja miki kunne." Ba ta ɗago ba. "Ke kin tabbata?"

"Ban san ranar ba, Mama. Zai iya kai shekara. Zai iya zama gobe."

"To me kika sani?"

Rhoda ta shiga kicin ta ɗauko tukwanen ƙasa biyu, sabuwa da wadda ta tsage aka daina dafuwa da ita. Ta ƙwanƙwasa sabuwar da ɗan yatsa, ta yi ƙara siririya. Ta ƙwanƙwasa tsohuwar, ta ce bus.

"In za ki sayi tukunya haka kike yi. Ni ma abin da na yi ke nan. Sau huɗu ana ƙwanƙwasa benen nan, kowane karo muryarsa tana ƙara mutuwa."

Mama ta ajiye dutsen guga. Ta dubi tsagaggiyar tukunyar.

"In na zauna a ƙasa ni kaɗai, sauran suka hau, me zan ce wa 'ya'yansu?" Ta naɗe zanen. "Ba ni wayarki. Ki nemo mini lambar mataimakiyata."

Lahadi gari ya waye da hadari a gabas. Ƙarfe tara coci ya cika, an kafa rumfuna a fili domin waɗanda ba su sami wuri ba. Zumuntar Mata suka shigo da waƙa, amma maimakon su nufi matakala, sai suka wuce gaba suka zauna a ƙasa a gefen bagade, wasu a kan tabarmi. Aka fara waige-waige. Baba Gregory, cikin babbar riga fara, ya dube su, ya dubi Rhoda da ke zaune kusa da Uzodinma a teburin sauti, ya wuce wurin zamansa. Masu tsaron ƙofa suka bar baƙi kamar arba'in suka hau benen. Na'urar tana nan manne a inda ta bar ta, wayarta ta bi jikin bango zuwa kwamfuta. Rhoda ta sa hedifon. Shiru, sai ɗan motsin ƙafafu. Ta fara tunanin wataƙila a wuce lafiya.

Ana tsakiyar wa'azi ruwa ya kece. Iska ta ɗaga rumfa ɗaya ta kifar. Mutanen waje suka kwararo ciki a guje, da yara da jakunkuna da kujerun roba, ƙasa babu masaka tsinke, masu tsaron ƙofa biyu ba su iya tare kowa ba. Cikin minti biyar benen ya cika har matakala. Rhoda ta ɗaga kai ta ga fuskoki jere a jikin ƙarfen gaba, ana dariya ana kakkaɓe ruwa. Sun fi ɗari biyu.

A kunnenta: ƙas. Ƙas-ƙas.

Aka gama wa'azi. Mai ganga ya ɗauki sandunansa domin waƙar baiko, wato lokacin ba da sadaka, jita ta shiga, jama'a suka miƙe. A sama aka fara taka rawa, ƙafa ɗari huɗu a kan bugu ɗaya. Gurnanin ya taso, ya cika mata kai har tana jin sa a haƙoranta. Lambar da ke kan allo ta sauka ƙasa da bakwai. Ƙarar karyewar kuwa ta daina zuwa ɗaya-ɗaya, ta koma kamar an zuba gero a kaskon suya.

Baba Gregory yana wucewa ta gefen teburin. Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba, ta miƙa masa hedifon. Ya yi kamar zai fizge, sai ya karɓa ya kara a kunne ɗaya. Ya saurara, ya ajiye shi a hankali.

"Kujeru ne," ya ce. Amma bai tafi ba, ya tsaya yana kallon dogarin.

In ta yi ihu, za a tattake yara a matakala. Wannan ta sani. Ta juya ga Uzodinma.

"Kashe ganga da jita. Kar ka kashe gaba ɗaya, ka sauke su a hankali. Ka bar makirufon Mama kaɗai."

Ya ja maɓallan ƙasa sannu-sannu kamar kiɗan ne ya gaji da kansa. Rawa ta fara sanyi. Rhoda ta ɗaga hannu sama ta yi wa Mama alamar da suka shirya jiya. Mama ta miƙe ta ɗauki makirufo.

"Salama a gare ku, 'yan'uwa," ta ce, muryarta ko girgiza babu. "Yau baƙinmu za su fara kawo baiko. Na sama, ku ne manyan baƙi. Layin gaba ku fara saukowa, a hankali, riƙe da hannun yara. Babu rawa a matakala, akwai santsi. Sauran ku zauna tukuna sai an kira ku."

Ta ɗauko wata tsohuwar waƙa mai jan rai, wadda ba a iya taka mata rawa ko an so, matan suka amsa. Layi na farko ya sauko. Na biyu. Rhoda tana ji a kunnenta kowane nauyi da ya bar benen. Wajen layi na biyar wani ɓallin siminti kamar tafin hannu ya faɗo a kan benci, wata mata ta yi ƙara, amma waƙar ta rufe ta. Baba Gregory ya taka da kansa ya je ya tashi mutanen bencinan nan uku, ya ce su matsa gaba, bai ba da dalili ba.

Minti goma sha huɗu aka ɗauka. Waɗanda suka ajiye baiko suka juyo za su koma wurarensu, sai suka tarar da mata goma na Zumunta zaune a kan matakala da tukwanensu a cinya, sun ƙi matsawa. A nan rigima ta tashi. Wani baƙo ya ce an wulaƙanta su. Wata ta ce jakarta tana sama. Aka matsu kamar kifi a kwando, ruwa yana zuba a waje, yara suna kuka. Fasto ya yanke rabin tsarin biki, ya yi addu'ar keɓewa a gaggauce, ya sallami jama'a.

Benen yana nan tsaye, fari tas, babu abin da ya same shi.

A bakin ƙofa Rhoda ta ji abin da ake faɗa. Wai 'yar boko ta zo ta ɓata bikin shekara shida. Wai Mama Sati ta biye wa 'yarta. Wani ma ya ce da ma Ibon nan ne ya shirya abin don ya wanke kayansa. Rhoda ta naɗe wayoyinta ta tafi gida, ta bar na'urar a manne, don babu halin kafa tsani a cikin mutanen nan. Fasto dai ya sa an kulle cocin, ya ce ba mai shiga sai injiniyan gini ya zo.

Litinin da safe tana shiga sashen, mai kula da ɗakin gwaji ya tare ta. Ɗaliban aji huɗu suna da aiki da na'urar ƙarfe biyu, kuma sunanta ne a littafi. Ta fita baranda ta kira Uzodinma.

"Oga Uzo, na'urar Dakta tana can jikin dogarin. Ana nemanta yau."

"Ba damuwa. Da ma zan je in kwance makirufona da ƙananan lasifiku biyu kafin a zo a kafa turaku a farfasa mini su. Mama Clara tana da makulli. Zan haɗo miki."

"An ce kar a shiga fa. Ka bari sai gobe."

"Jiya mutum ɗari biyu ya ɗauka, yau ni kaɗai zai gagara? Minti biyar ne, Injiniya."

Ta dubi agogo. Ta tuna fuskar mai kula da ɗakin gwaji.

"To, ka yi sauri," ta ce.

Ƙarfe goma da ɗan wani abu wayarta ta yi ƙara. Mama ce, kuma tun kafin ta yi magana Rhoda ta ji ihun mutane a bayanta.

Mama Clara ce ta ga komai daga bakin ƙofa. Ta ce ya kwance kayansa ya fito da su, ya koma ya kafa tsani ya ciro wani ɗan gwangwani, ya sauko, ya saɓa tsanin a kafaɗa. Taku uku ya rage masa ya fita daga ƙarƙashi. Babu wata ƙara da ta gargaɗe shi, in ji ta. Dogarin kawai ya lanƙwashe a tsakiya, benen gaba ɗaya ya biyo shi. Sai da masu gyaran mota na layin suka kawo jak uku kafin aka zaro shi.

A asibitin Shika aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ta dama ta karye wuri biyu, amma an ce za ta haɗe.

Rhoda ta isa da la'asar. A barandar ɗakin tiyata ta ga Baba Gregory zaune a ƙasa, ya jingina da bango, hularsa a hannu. Ya ɗago ya gan ta, ya sake sunkuyar da kai. Can gaba a kan benci wata mata ce zaune da kwanon abinci da ba a buɗe ba. Oby ce, matar Uzodinma. Rhoda ba ta taɓa yi mata magana ba sai gaisuwa a shago.

Ta durƙusa a gabanta. Ta yi ta shirya maganar a cikin bas, amma da ta zo sai ta fito a dunƙule.

"Anti, ni na kira shi da safe. Kayana ya koma ɗaukowa. Na ce ya bari, ya ce minti biyar, na ce to ya yi sauri. Da na ce a'a, da bai koma ba."

Oby ta dube ta, idanunta sun kumbura.

"Jiya Uzodinma ya hana mu hawa sama," in ji ta. "Ya ce mu zauna a rumfa. Da ruwan nan ya zo, yarana biyu suka ɓace mini a cikin mutane, Nonye da Amara. Ina ta nemansu a ƙasa. Sai ga su suna saukowa daga matakala, riƙe da hannun juna, layi na shida ko na bakwai." Ta share hanci da bakin zane. "Ban san abin da zan ce miki ba. Ban sani ba wallahi. Kar ki zo gobe. Ki zo jibi."

Jibin ta koma, da kuma kowace rana bayan nan har aka sallame shi.

Injiniyan gini ya zo ranar Talata kamar yadda ya ce, ya zagaya tarkacen, ya ce rodin da aka ƙara ko rabin abin da ake bukata bai kai ba. Baba Gregory ya ajiye shugabancin kwamiti a makon, ya daina zama a gaba, ya koma bencin ƙarshe. Waɗanda suka zagi Rhoda a bakin ƙofa suka riƙa zuwa Hanwa da kaji da doya suna godiya. Takan shige ɗaki ta bar Mama da su.

Rhoda ta je Legas, an ɗauke ta aiki. Ta yi shekaru tana gina ɗakunan da ko ƙarar titi ba ta shiga. Duk Kirsimeti in ta zo gida takan biya ta shagon da ke bayan kasuwa. Uzodinma yana nan a zaune a kan doguwar kujera, sandarsa jingine da teburin aiki, yana yanka katako, Oby ce take hawa tsani in an je ɗaura lasifika. Yakan tare ta da fara'a, ya sa a kawo mata lemo, ya kunna mata sabon akwatin da ya haɗa ya ce ta gaya masa gaskiya. Sukan yi awa guda suna gardama a kan sauti. Zancen wayar nan ta safiyar Litinin kuwa, daga shi har ita babu wanda ya taɓa tayar da shi.